Daɓen da Ba Ya Ƙara

Shekara tara ke nan da hana ƙusa da sukuru a gini. Falankin kamfani ake kawowa, a zura bakin wannan cikin na wancan, su kama juna. Da azahar Tanimu kafinta ya gama shimfiɗa wa Inna Dudu sabon daɓen benenta a Funtuwa, ƙugunsa kamar zai ɓalle.

Inna Dudu ba ta gani. Ta ce ya tako daga ƙofa zuwa bakin gadonta.

"Ka taso?"

"Ga ni gabanki, Inna."

"Ban ji ka ba. Tsohon katakon shi ke gaya mini mai shigowa, har takun jikokina na sani. Buga mini ƙusa ɗaya, ɗan nan, ya riƙa ƙara."

"Inna, da an huda falankin nan, shi da kansa yake sanar da hukuma. Ƙwace mini takardar aiki za su yi."

Ta jingina da matashi har ya zaci barci ya sace ta. Ya saɓa jakarsa ya sauka.

Yana bakin titi ya jiyo muryarta ta taga, tana yi masa magana kamar yana cikin ɗakin: "To ba komai, Tanimu. Zauna mana ka sha ruwa, ka gaji."