Taku Goma Sha Ɗaya

"Wallahi ta yi barka, Gwaggo! Ga shi nan a wayata, har da hoton furanni."

"Furanni? Mai jego za a dafa wa, ko jariri za a shafa wa? Ke Lantana, raba ni. Wata na ƙarewa ta ba ni ɗakina. Mutum na ba haya, ba aljana ba."

Wadda ake wannan ja-in-ja a kanta tana ɗaki tana jin komai, don ranar ta manta ba ta toshe kunnuwanta ba. Wata matashiya ce da ofishinta ke cikin jakar goyonta. Da kwamfuta take zana wa kamfanoni tambari da talla, masu ba ta aikin suna can wata uwa duniya, ko inuwar ɗayansu ba ta taɓa gani ba. Duk inda ta samu wuta da sabis, nan ne wurin aiki. Ta yi wata uku a Jos, biyu a Yamai, ta leƙa Kumasi, ta sha iskar teku a Kwatano, kuma duk garin da za ta bari sai ta taɓe baki ta ce, mutanen nan ba su da sakin fuska. A haka ta faɗo wani gari a bakin kogi, ta kama ɗaki a gidan wata dattijuwa, Gwaggo Delu. Nan kam ya shiga ranta. Tagar na kallon ruwa. Da hantsi kwalekwale ke wucewa a hankali kamar masu tafiya cikin barci, da la'asar balbelu su sauka kan tsamiya sai ka ce an shanya fararen kaya. Rabon da ta yi barci irin na gidan nan tun tana gaban mahaifiyarta.

To amma sati shida ke nan ba wanda ya san sunanta, Mai Kwamfuta ake ce mata. Ranar Laraba autar Gwaggo, da ta zo haihuwa gida, ta sauka lafiya, guɗa ta cika tsakar gida. Sai baiwar Allah ta yi abin da ta saba yi wa ƙawayenta dubu uku na cikin waya: ta zaɓi furanni mafi kyau, ta rubuta barka, ta tura wa Lantana, babbar 'yar gidan. Ta koma bakin aikinta tana jin ta sauke haƙƙi.

Da ta ji hukuncin Gwaggo, ta buɗe taswira kamar yadda ta saba, tana neman gari na gaba. Yatsanta na ta yawo a kan ƙasashe, zuciyarta na maƙale a jikin taga. Rana ta take, fanka na lilo, barci ya sace ta a zaune. Sai ga ta tana bin ɗakunan da ta taɓa zama ɗaya bayan ɗaya, ruwa na ɗaukar ta kamar ganye. Wannan mai labule shuɗi, wancan mai ƙamshin gishirin teku. Ɗakunan sun bambanta, amma bakin ƙofarsu iri ɗaya ne: takalmi ƙafa biyu tak, nata, a jere tsaf kamar marayu. Ta nemi fuska ɗaya da za ta tuna a garuruwan nan duka. Ba ta tuno komai ba sai inda ake saka caji.

Ta farka ta leƙa tsakar gida. A ƙofar ɗakin mai jego takalma ne tuli, silifas kan silifas, wani ya kife, wani ya rasa ɗan'uwansa, kaza na tsallake su. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta rufe kwamfuta, ta yafa gyale, ta fito tana ƙirga taku. Wadda ta keta ƙasa huɗu ba ta ji komai ba, sai ga ta tana neman juyawa a taku na bakwai. A na goma sha ɗaya ta tuɓe takalmi a cikin tulin, ta yi sallama da wata 'yar murya kamar ta mage.

Gwaggo ta dube ta daga sama, ta gangaro a hankali har ƙasa, ta ce, "Ikon Allah. Ashe tana da ƙafa."

Kafin ta gama cewa Allah ya raya, an ɗora mata jariri a cinya, an tura mata kwanon kunun kanwa, wata ta tambayi sunanta, wata ta tambayi garinsu, jaririn kuma ya jiƙa mata zane sharkaf. Mata suka kwashe da dariya, aka ce ya yi mata shaida, ta zama 'yar gida. Ranar suna ita aka bar wa yankan albasa, ta yi kuka har ta gode Allah. Washegari da ta buɗe ƙofarta, sai da ta tsallake takalma shida kafin ta ga nata: an zo yi wa Juwairiyya, Mai Kwamfuta ta da, ban gajiya.

Lantana ta raɓo kusa da uwarta ta ce, "Gwaggo, wata fa ya zo ƙarshe. Maganar ɗaki fa?"

"Wane ɗaki? Ni ta cikin wayar nan na kora. Ki gaya mata ta zo ta kwashe furanninta tun awaki ba su cinye ba."



Ka ji abin da Hausawa suka hango tun ba a ƙera waya ba, da suka ce zumunta a ƙafa take.