Butar Lawwali

Tun da aka kafa dokar taurari, duk wanda ya ci gwanjo a intanet sai ya faɗi sunan mai kayan da bakinsa, ya ba shi taurarin yabo kafin la'asar. Shiru sifili ne. Sifili uku, an rufe wa mutum shago.

Inna Tabawa ta ci gwanjon butar shayi. Da ta buɗe kwalin, butar ta yi magana: "Mai kaya, Lawwali Gusau. Faɗi sunansa, ki ba shi taurari."

Ɗan farinta ne. Shekara arba'in ke nan kunya ba ta bar sunansa ya fito daga bakinta ba.

Ƙanwarta Hajara ta leƙa waya. "Yaya, sifili biyu gare shi. Ki faɗa mana, wa zai ji ki ban da buta?"

"Wancan na Gusau," in ji Inna. "Biyar."

"Ban gane sunan ba," in ji butar.

Ladan ya kira la'asar. Fitilar butar ta koma ja: sifili na uku.

Inna ta cika ta da ruwa, ta ɗaga, ta duba gindinta.

"Ba ta yoyo," ta ce. "Ya iya zaɓen kaya."