Kabarin Magini a Al-Oud

Mahaifin yaron magini ne. Ya gina wa mutanen Riyad gidaje, amma bai taɓa mallakar ko ɗaki ba. Da ya rasu, iƙamarsu, wato takardar izinin zaman iyalinsa a ƙasar, ta bi shi, kafil, ubangidan da ya tsaya musu, ya ce su tashi.

Ranar tafiya, mahaifiyar ta tsaya a ƙofar maƙabartar Al-Oud.

"Shiga ka yi masa bankwana, ɗana. Mu mata ba ma shiga."

Yaron ya yi ta zagayawa. Kaburbura duk iri ɗaya, babu suna.

"Yalla, yi sauri, yaro," in ji mai gadi. "A nan har sarakuna haka suke kwance."

Sai ya tuna labarin da malaminsu ya ba su, na wani mai masana'anta a Ingila, ɗan ɗariƙar Kiristoci ta Kwaka. Ya gina wa ma'aikatansa gidaje masu lambu, kuma da ya mutu aka binne shi kamar kowanensu.

"Ka same shi?" ta tambaya da ya fito.

"A'a, Umma. Dukansu na yi wa addu'a."

Ta rufe fuska da mayafi. Yaron ya gane cewa wancan mai masana'antar ya daidaita mutane tun suna raye, amma mahaifinsa sai da ya mutu ya sami wurin da ba za a kore shi ba.