Tsarabar Dillali

Na'urar gano ƙarfe mai tururin guba ta fara kuka a hannun Hajiya, alhali ta gama duba motar tsofaffin ƙarafa ba ta ga komai ba. Marigayi mijinta ne ya bar mata na'urar da aikin, a Ƙofar 'Yandaka.

Dillalin ƙarafan ya yi dariya. "Hajiya, na'urar ma takaba take."

"Da safe na sa sabon batir, Alhaji. Ja da baya."

Ya ja, kukan ya tsaya. Ya matso, kukan ya dawo.

"Me ke aljihunka?"

Dariyar ta ɗauke. "Ɗan ƙarfe ne mai ƙyalli, na tsinto ma ɗiyata."

"Cire rigar, ka yi nisa da ita, in kira hukuma. Yau koma mata babu tsaraba."