Manomin da Ya Jira Hayaƙi

Da a ce za a wayi gari jirgin ƙasa ya daina hayaƙi, da me za ku gane ya taho? Kada ku yi saurin dariya, ku tsaya ku ji yadda wani manomi ya yi.

A wani ƙauye da ke gefen layin dogo, ba wanda ya taɓa yarda da lokacin da ake rubutawa a allon tasha, kuma ba laifinsu ba ne. Tsohon jirgin mai shan dizal sau ɗaya yake zuwa a mako. A ce da hantsi, sai a gan shi da la'asar sakaliya, wani lokacin ma a ce yana can ya tsaya jiran mai. Sai mutanen suka yi dabara. Akwai wani dogon suri a bakin fadama, ranar jirgi sai mai kaya ya hau ya zuba wa gabas ido. Da zarar baƙin hayaƙi ya turnuƙe a bayan tsauni, an san jirgi ya fara hawan tudu yana nishi. Kafin ya iso, mutum ya ɗaura wa shanu amalanke, ya loda kaya, har ya tsaya ya sha fura a hanya. Haka manomin nan ya ga mahaifinsa na yi, haka shi ma ya yi shekara talatin, bai taɓa makara ba.

Ana nan sai aka kafa turaku a gefen dogo, aka ja waya a sama, aka yi shela cewa daga ranar Alhamis jirgi mai amfani da lantarki ne zai riƙa zuwa, ƙarfe tara daidai. Manomi ya ji, ya ce jirgi dai jirgi ne. Ranar da sassafe ya tsinke tumatirinsa kwando arba'in, wanda da shi ne gidansa zai ci har faɗuwar damina, ya jera a inuwa, ya hau suri. Sama garau. Yana nan yana jiran hayaƙi, sai ya hangi wani dogon abu yana sulalawa tsakanin itatuwa kamar maciji, ba nishi, ba tari, sai ɗan guna irin na ƙudan zuma. Abin ya tsaya a tasha gwargwadon sallah raka'a biyu, ya wuce abinsa. Nan ne manomi ya gane ashe jirgin ke nan ya wuce. Tumatirin da aka tsinka ba ya jiran mako, kwana uku ya fara zubar da ruwa. In an yanka an shanya kuwa, kwando arba'in sai ya koma 'yar kauɗar da ba ta cika buhu huɗu ba.

Kunyar komawa gida da kaya ce ta sa ya kora shanunsa zuwa tasha, ba don yana sa ran komai ba. Ma'aikaciyar tashar ta dube shi ta ce, "Baba, lafiya? Kamar wanda aka yi wa rasuwa."

Ya ce, "Jirgi ya bar ni, 'yar nan. Ban ga hayaƙi ba."

Ta yi dariya ta ce, "Hayaƙi kuma? Ai wannan ba ya girki, Baba, daga waya yake sha. Sauke kayanka a inuwa, wani na tafe ƙarfe biyu."

"Yau ɗin nan?"

"Yau ɗin nan. Bayansa ma akwai na la'asar."

Bai yarda ba. Ya zauna, ido ɗaya a gabas, ido ɗaya a agogon bango. Biyu na cika, sai ga shi ya sulalo. Aka shigar da kwandunan nan tarago, ko ɗaya bai fashe ba. Manomi ya zauna a kan amalanken da ba komai, ya ce alhamdu lillahi ya fi sau goma. Sai a lokacin ya lura farar rigarsa ba ko ɗigon baƙi, shanunsa ma ba su firgita ba. Tun daga ranar, awaki kaɗai ke hawa surin nan.

To, kun gani. Jirgin da ke sha daga wutar madatsar ruwa ko hasken rana ba ya bin layin mai, ba ya shaƙe mana iska, kuma abin da manyan motoci da yawa za su kwana suna ja, shi sawu ɗaya ne. Don haka duk ranar da wakilinku na majalisa ya zo gari, ku tambaye shi yaushe za a ja waya a kan namu dogon. In kuma an ja, don Allah ku sauko daga kan suri ku dubi agogo, domin Hausawa sun ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.