Bisimilla a Kan Allon Dutse

Shekarar da Turawa suka sauya tsarin makarantarmu ta Wurno, aka karɓe allunanmu na itace, aka ba mu na dutse. Ran nan da la'asar wani Fada ya zo daga makarantar Katolika, wai suna zagaye su ga yadda sabon tsarin ya mai da makarantu.

Malam Sanda ya ce a goge allo a yi lissafi. Yara suka tofa miyau suka murje. Ni kuwa na riga na rubuta Bisimilla a sama, yadda na saba. A gida wanke ta ake yi a sha. Na ƙanƙame allon.

“Mi yah hana ka?” in ji Malam, idonsa na kan baƙon.

Fada ya duƙa ya duba, ya ce, “Malam, yanzu wace irin makaranta ce wannan?”

Malam ya jawo ƙoƙon ruwansa, ya wanke allon a ciki, ya miƙo mini. “Sha maza, ɗana.”

Har yau ɗanɗanon allin yana harshena. Na tsufa ina koyarwa, tambayar Fadan nan ba ta bar ni na huta ba.