Har da Miji Za a Tafi

Kamaluddeen bai yi niyyar sauraron wayar kowa ba. Gosulon Madalla ne ya tsayar da bas ɗin, matar da ke kujerar gabansa kuma ba ta iya magana a hankali ba.

"Wallahi Yaya, shirin zakarun ɗalibai ne na jami'ar," take cewa. "Masu fas kilas kawai ake ɗauka. Sun ba da kwamfuta, sun haɗa mu da wata Dakta mai duba karatu. In an ci ganawar ƙarshe, sai digiri na biyu a ƙasar waje, kyauta. Har da miji za a tafi."

Ya leƙa. Kusa da matar wata budurwa ce zaune, rungume da jakar kwamfuta mai tambarin jami'a, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Har da miji! Kamaluddeen mai gyaran waya ne, kuma ya daɗe yana neman hanyar fita ƙasar nan bai samu ba. Kafin su fita daga Madalla ya gyara wa matar wayarta mai yawan katsewa. Kafin Zuba ya san ita ce Talatu, matar Malam Bamalli tela na Chaza, budurwar kuma 'yarsu ce Khadija.

Ya kafa wa kansa doka ɗaya: ba zai taɓa tayar da maganar karatu ba. Yarinya mai ƙwaƙwalwa irin wannan tun daga nesa za ta gane makwaɗaici.

Duk Asabar, ranar da suke hawa bas zuwa jami'ar, sai ya zama yana da kayan da zai sayo a Abuja. Khadija ce kullum ke ɗauke da jakar. Mama takan lumshe ido a mota, leɓunanta suna motsi, shi kuwa ya yaba da yawan tasbihinta. Khadija ta buɗe littafin soyayya ta nutse. Ya ce a ransa, haka masu basira ke huta da kai.

Ya fara zuwa zance Chaza. A dakalin ƙofar gida ya gano Khadija tana rufe baki da mayafi in dariya ta kama ta, kuma ba ta cin gyaɗa sai ta fara miƙa masa. Ya lura yana jiran wannan dariyar tun daga shago, amma ya ɗauka duk cikin shiri ne.

Wata ranar Lahadi motar Dakta Folake, mai duba karatun, ta tsaya a ƙofar gidan. Ta gaisa da su ta shige ɗakin Mama, aka daɗe ana jin muryoyi da Turanci.

"Ba za ki shiga ba?" ya tambaya.

"Ni? Me zan tsinta a ciki?" in ji Khadija. "Ci gyaɗarka, Malam Kamal."

Tawali'un ya burge shi. Manyan mata suna ciki suna tsara mata gobe, ita tana nan tana ɓare masa gyaɗa.

Da zai tafi ta raka shi bakin titi. "Ka san abin da ya sa na yarda da kai?" ta ce. "Tun da maganar tafiyar nan ta fito, duk wanda ya shigo gidanmu ita yake tambaya. Kai kaɗai ka zo don ni."

Ya kau da kai daga kallonta. Ya yi sauri ya tare ɗan acaɓa.

A makon ya yi fasfo ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ya sallama wa maƙwabcinsa Vincent shagon da duk kayan ciki. Vincent ya ce, "Oga, ka tabbata?" Ya ce masa wanda zai tafi inda ake ƙanƙara ba ya riƙe rumfa a Madalla. Magabatansa suka je Chaza, aka karɓe su hannu biyu, aka sa rana.

Ko Malam Bamalli ya fara shiri. Kamaluddeen ya same shi a kan keke yana ɗinka wata kwat mai kauri, har da shafi a ciki. Ya ga ta yi faɗi sosai ta wajen tumbi. Kyautar suruki ba a kushe ta, in an je can tela ya rage.

Ranar da sakamakon ganawar ya fito, tun daga kan kwana ya ji guɗa. An cika tsakar gida, maƙwabta Musulmi da Kirista, ana ta miƙa zoɓo. Dakta Folake ta tsaya a tsakiya ta ce a duk shekarunta na koyarwa ba ta ga ɗaliba mai naci irin wannan ba. Kamaluddeen ya gyara hula, ya matsa kusa da inda za a ɗauki hoto.

Khadija ta fito daga ɗaki rungume da jakar. Ta ratsa mutane, ta durƙusa, ta ajiye ta a cinyar mahaifiyarta.

"Mama, ga kayanki. Daga yau Baba zai riƙa ɗaukar miki, ni kafaɗata ta huta."

Malam Bamalli ya fito cikin kwat ɗin nan, ta zauna masa cif a tumbi, gumi na keto masa, ana ta tafi.

Khadija ta dawo gefen Kamaluddeen, ta ja mayafi ta rufe dariyarta, ta ce a hankali, "Da jikoki uku Mama ta ci fas kilas, ka ga ikon Allah. Sun ce mu ne za mu tsare musu gidan da awakin har su dawo."